Butar Gidan Jirau

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma yammacin da baƙon nan ya shigo rumfar mahaifina ba ya cikinsu. Ko tsufa zai kwashe mini komai, ina jin shi ne zai rage. Na daɗe ban ba kowa labarin ba, domin ni makanike ne, aikina kwance injin tarakta a Damazin, kuma wanda ya saba cewa kowace ƙara da dalilinta ba ya son a ji irin wannan zance a bakinsa. To, yanzu gemu ya yi fari, kunyar ta ragu.

Ƙauyenmu yana gaɓar yamma ta kogin da mu dai bahar muke ce masa, ba nisa da Abu Hujar. A wurinmu kowane gida da sunan da ake kiransa, kuma in ka bi sunan za ka tarar da inda mutanen suka fito ko abin da kakansu yake yi. Akwai Gidan Bagobiri, akwai Gidan Maƙera, akwai Gidan Mai Raƙumi duk da rabonsu da raƙumi tun ba a haife ni ba. Mu kuwa Gidan Jirau ake ce mana. Ina yaro na tsani sunan nan. A makaranta sai ka jero sunanka da na iyaye har suna na huɗu, nawa kuwa a kan Jirau yake tsayawa, malami ya yi ta juya shi a baki yana tambaya ko wane irin suna ne, yara suna dariya.

Asalinsa ba ɓoyayye ba ne, kowa a ƙauyen ya sani. Kakan mahaifina ya taso daga ƙasar Sakkwato da matarsa da wansa, cikin ayarin masu nufin Makka a ƙasa. Da suka iso bakin bahar, cikin matar ya tsufa, ba ta iya ko ɗaga ƙafa. Ayari ya ce ba zai tsaya ba. Sai wan ya ce shi zai bi su ya ga yadda hanyar gaba take, ya nemo abin hawa, ya komo ya ɗauke su. Ya cire butarsa ta tagulla ya miƙa wa ƙanen, ya ce kada ya ƙetare ruwan nan sai ya komo. Ya shiga jirgi, shi ke nan.

Matar ta haihu, yaron ya yi wayo, wan bai komo ba. Duk ayarin da ya zo wucewa sai a ce wa ƙanen ya taso a tafi, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, yana jiran wansa. Ya kafa bukka, ya share gona a bakin ruwa, mutane suka zauna kusa da shi, har aka manta sunansa na yanka aka koma ce masa Jirau. Da zai rasu ya damƙa butar ga ɗansa, ya ce kullum bayan la'asar a zubar da ruwan jiya a cika ta da sabo, domin matafiyi da alwala yake fara tambaya. Ya ce kuma duk wanda butar take hannunsa, kada ya ƙetare. Daga ɗan nan ta dawo hannun Baba, ni ne kuma ɗan farin Baba.

Na tashi ina ganin butar rataye a ginshiƙin rumfa. Ba ta da murfi, wani ɗan faifai Inna ta saƙa ake kifa mata, kuma bakinta ya lotsa ta gefe guda kamar ta taɓa faɗuwa a kan dutse. Kullum in an sallame la'asar Baba zai sauke ta, ya gangara mashaya, ya cika, ya tsaya yana kallon gabas na ɗan lokaci, sa'an nan ya dawo ya rataye. Ko zazzaɓi yake yi sai ya je. Ya sha zuwa Sinja, ya je har Managil aikin auduga yana saurayi, domin duk wannan ɓangaren ne, amma tunda butar ta zo hannunsa bai kwana nesa da ita ba. Ɗaya gaɓar kuwa, da muke hangen awakinta daga ƙofar gida, ko kafin nan bai taɓa taka ta ba, wai ba ya son ƙafarsa ta saba.

Ni bakina ba ya shiru. Na sha ce wa Inna jiran gawon shanu muka gada, ta jefe ni da mafici. Da na girma kuma abin ya daina ba ni dariya, domin na gane ranar da Baba ya kwanta dama, ni za a ɗaure a ginshiƙin nan tare da butar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hajji. Baba mutum ne da in an ambaci Makka idonsa yake kawo ruwa. Shi ke raka duk mai tafiya, shi ke fara zuwa taryar wanda ya dawo, ya kama hannunsa ya shafa a fuska. Da Allah ya buɗa mini na haɗa masa guzuri, na zo gida da murna cikin damina, na ce bana da shi za a tafi. Ya yi mini godiya, ya sa mini albarka, ya ce ba za shi ba. Na ce ai jirgin sama ne, ƙafarsa ba za ta taɓa ruwa ba. Ya ce ko ta sama ce ƙetarewa ce. Na ɗauko Liman, abokinsa tun na ƙuruciya, ya karanto masa cewa farali yana gaba da alkawarin wani, in ma yana ganin rantsuwa ce ya yi kaffara. Baba ya saurara har ya gama.

Ya ce, "Malam, ba ni na yi rantsuwa ba balle in yi kaffara. Ajiya anka bar muna. In na tahi mai abu yaz zo, mi za a ce mishi?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa mai abun ƙasusuwansa ma sun zama ƙasa, shi kuma shekara ta ja, ido ya fara rauni, in bai je bana ba wa ya san baɗi. Baba ba ya kiran sunana, kunyar ɗan fari, sai dai ya ce "kai, makanike". Ranar ko wannan ban samu ba.

Kwana biyu muna gaisawa sama-sama. A rana ta uku, bayan la'asar, ya dawo daga mashaya ya rataye butar, muka zauna a rumfa, shi a bakin gado, ni a tabarma ina hura gawayin jabana, wato gahawarmu. Bahar ya cika ya batse a lokacin, ruwan ja wur, yana tafe da itatuwa da mushen dabbobi. Masunta duk sun jawo jiragensu tudu, an kwana da yawa ba wanda ya ƙetaro.

Abin da na fara lura da shi, kajin Inna da suke tsakar gida suna tono sun yi tsit. Sai na ji warin laka, irin ta ƙasan kogi mai sanyi. Sai sallama.

Mutum ne dogo siriri, ba takalmi, sanye da riga ta saƙi irin wadda rabona da ganinta tun a akwatin kakata. Rigar a jiƙe take har ƙirji, amma ban ga tana ɗiga ba. Baba ya amsa, ya nuna masa tabarma ya ce "itfaddal", yadda muke cewa. Mutumin ya tsaya yana dubansa kamar bai taɓa jin kalmar ba. Sai da Baba ya ce ya zauna da Hausa, sa'an nan ya durƙusa a bakin rumfa, bai hau tabarmar ba. Na zuba masa gahawa na tura gabansa, ko kallonta bai yi ba.

Hausarsa ce ta fara tayar mini da tsigar jiki. Mu in mun yi magana, rabi Hausa ce rabi Larabci, ba ma ko sanin mun gauraya. Tasa kuwa ba ɗigon Larabcin nan ƙasar a ciki, tsohuwar Hausa ce mai nauyi, a hankali, kamar kowace kalma sai ya nemo ta. Ya tambaya ko nan ne wurin ƙanensa. Na buɗe baki zan ce wane ƙane, Baba ya ɗaga mini hannu.

Baƙon ya matso da kai, ya rage murya irin ta mai tambayar abin da ya daɗe yana damunsa.

"Ta sauka?"

Ban gane ba da farko. Ba mu da mai ciki a gidan. Sai na ga fuskar Baba, na tuna matar da aka bari a bakin ruwa, na ji kamar an kwara mini ruwan randa a baya.

Baba ya ce, "Ta sauka lahiya. Namiji."

"Ya rayu?"

"Ya rayu. Shi ya haihe ni."

Mutumin ya yi hamdala, ya sunkuyar da kai. Ya ce hanya ta yi masa nisa, ya so ya komo da wuri, Allah bai nufa ba. Bai faɗi inda ya je ba, Baba kuma bai tambaya ba. Daga nan ya ɗaga ido ya dubi ginshiƙi, ba tare da kowa ya nuna masa ba, ya ce a ba shi ruwa ya yi alwala.

Baba ya miƙe ya sauke butar da hannu biyu. Ni ina zaune, ina son in ce kada ya ba shi, wannan ko mahaukaci ne ko macuci, amma kafin in yi magana ya riga ya miƙa masa. Baƙon ya karɓa, ya cire faifan Inna ya ajiye a kan tabarma a hankali. Ya yi alwalarsa a bakin rumfa, bai yi gaggawa ba, ya tsefe gemu, ya wanke tsakanin yatsu. Da ya gama sai ya sa hannu a wuyan rigarsa ya jawo wata igiyar fata, a jikinta akwai ɗan murfin tagulla da ya yi kore don tsufa. Ya ɗora a bakin butar, murfin ya zauna daram.

Ni aikina ke nan, haɗa ƙarfe da ƙarfe. Na san bambancin abin da aka ƙera don ya dace da abin da tare aka yi su. Lotsawar nan ta bakin butar ta ci gaba a jikin murfin, layi ɗaya, faɗuwa ɗaya. Ina kusa, na gani da idona.

Ya dubi Baba ya ce, "Kai kaj jira?"

Baba ya ce, "Mu munka jira."

Sai mutumin ya girgiza kai, kuma wallahi abin da na gani a fuskarsa kunya ce. Ya ce shi magana ce kawai ya yi a bakin jirgi, ta kwana kaɗan, bai san za ta yi tsawo haka ba. Ya nemi gafara. Ya miƙe da butar a hannu.

"Ku ƙetare. Ban riƙe kowa ba."

Ya yi sallama ya fita. Kajin suka ci gaba da tononsu.

Ban san iya lokacin da na ɗauka kafin in miƙe ba, amma ba mai yawa ba ne, gawayin bai mutu ba. Na bi hanyar mashaya da gudu. Masunta suna zaune a gindin bishiya suna ɗinkin koma. Na ce da irin kiranmu na nan, "Ya zol, wa ya wuce nan?" Suka ce wani ya yi sallama sun amsa, amma hannunsu da idonsu suna kan koma, ba wanda ya ɗaga kai. Jiragen suna nan kife a tudu yadda suke. Hanya ɗaya ce take gangarawa wurin, kuma a ruwa take ƙarewa. Na tsaya ina duban ruwan nan yana wucewa da ƙarfinsa, ba kowa, ba komai, har aka kira magariba.

Da na dawo na tarar da Baba yana kuka, abin da ban taɓa gani ba. Da ya natsu na ce masa tsohon nan ya ba ni tsoro. Ya ce wane tsoho? Shi saurayi ya gani, majiyi ƙarfi, bai kai ni shekaru ba. Ni kuwa na rantse gemu fari fat na gani da fatar wuya a tattare. Har muka rabu ba mu daidaita a kan wannan ba. Inna, da ta leƙo ta jikin zana, bayansa kawai ta gani, ta ce kada a sa ta a ciki.

Kada ku ɗauka na miƙa wuya nan take. Na zargi Liman, na ce shi ya shirya don ya kwance abokinsa. Na same shi na tambaye shi ba kwana-kwana. Ya yi dariya har da tari, ya ce da dabarar ta zo masa da tun tuni ya yi, amma ina zai samo murfin? Na bi ƙauyukan gaɓar gabas da ruwa ya janye ina cigiya, ba wanda ya san mai irin kamannin. Daga baya wani direban lori ya ce mini can wajen iyakar Habasha akwai wasu Hausawa da ake ce wa Gidan Komau, wai kakansu ya makance a hanya, ya mutu yana cewa zai koma. Na sha ɗaura niyyar zuwa ina fasawa. Ina tsoron in je in tarar gaskiya ne, kuma ban tabbata zan ji daɗi ba in na tarar ba haka ba ne.

Ni dai a raina murna nake, ba zan ɓoye ba, an sauke mini kayan da ban ɗauka ba tukuna. Baba ne abin ya yi wa wani iri. Washegari da aka sallame la'asar ya miƙe kamar kullum, ya je gaban ginshiƙi ya ɗaga hannu, ya tarar da ƙusa kawai. Ya tsaya a nan da hannu a sama. Sai ya juyo ya tambaye ni, shi yanzu me zai riƙa yi da la'asar? Tausayinsa ya kama ni fiye da ranar da ya ƙi hajjin.

Da bahar ya sauka, ya ce in kai shi ya gani. Muka shiga jirgin wani masunci. Mutumin da ya yi shekara saba'in da ɗoriya a bakin ruwa, sai ga shi ya riƙe hannun rigata gam kamar yaro. Da muka taka ɗaya gaɓar bai dubi gaba ba, juyawa ya yi ya dubi ƙauyenmu. Ana hango rumfarmu, ana hango Inna tana shanya. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Ashe kusa haka?" Daga nan muka dawo.

A shekarar ya tafi. Ranar tafiya gari ya fito rakiya har bakin mota, kowa yana cewa Allah ya kai lafiya, sai kun dawo. Na lura duk wanda ya ce sai kun dawo, Baba addu'a yake mayar masa, ba ya cewa sai na dawo. Da ya sa ƙafa a mota sai ya kira ni, da sunana, karo na farko a rayuwata. Ya kama wuyan hannuna.

Ya ce, "In na komo, alhamdu lillahi. In ban komo ba, kada wanda ya jira ni. Hwaɗi in ji."

Na ce haba Baba, wane irin zance ne wannan a bakin tafiya. Ya ƙi sakin hannuna, direba yana ta danna oda, sai da na maimaita a gaban mutane cewa ba wanda zai jira shi. Sa'an nan ya sake ni ya zauna.

Ya yi hajjinsa cikakke. Abokan tafiyarsa sun ce da ya ga Ka'aba zama ya yi a ƙasa yana ambaton kakansa da mahaifinsa, yana cewa ga shi ya iso musu. A Madina zazzaɓi ya kama shi, a can aka binne shi. Da alhazai suka dawo na je tarya kamar kowa, na kama hannuwansu na shafa a fuska yadda yake yi, na karɓi jakarsa na kai wa Inna.

Yau a takardun ɗana babu Jirau, domin a suna na huɗu ake tsayawa, sunan ya faɗi da kansa. A ƙauye dai har gobe Gidan Jirau ake ce mana, kuma yanzu ba na jin haushi. In yaro ya tambaye ni ma'anarsa nakan zaunar da shi in gaya masa cewa mutanen kirki ne suka riƙe maganar ɗan'uwansu har ta zama sunansu. Ƙusar tana nan a ginshiƙi, na hana a cire. Wani lokaci in ina gida aka sallame la'asar, sai in tsinci kaina a mashaya ina kallon gabas, ba tare da na san me ya kai ni ba.

Ko wane ne ya zo ranar, Allah ne masani. Abin da na koya shi ne, maganar da ka yar a bakin hanya kana sauri, wani yana iya tsince ta ya riƙe har jikokinsa, musamman in yana ƙaunarka. Shi ya sa in zan koma Damazin, yarana suka biyo ni bakin mota, nakan yi musu addu'a in ce su ci abincinsu in ya nuna, su kwanta in dare ya yi. Ban taɓa ce wa ɗayansu ya jira ni ba.